Komin Ragon Gwaggo Tani

Kada ka ce mini ba ka taɓa gani ba. Ka sha wucewa ta bakin titin Dutsin-Ma 'yan gwangwan na fasa mataccen batir da guduma, ruwansa na tsiyaya cikin kwata. Ka toshe hanci, ka ƙara wa babur wuta, ka yi gaba. To bari ka ji inda ɗaya daga cikin baturan nan ya ƙare.

Alhaji Badaruddeen yana da shagon baturan sola a Dutsin-Ma, kuma mutum ne mai zumunci. A ƙa'ida, kamfanin da ke shigo masa da kaya shi ke da alhakin kwashe matattun. Amma motar kamfanin sai an yi ta kira, 'yan gwangwan kuwa suna bakin ƙofa. Sai su fasa, su kwashe dalmar ciki, su bar masa kwanson. Shi kuma ya ɗauraye ya raba wa dangi.

Ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Tani ta Kurfi, ita ta samu mafi girma, ta mai da shi komin ruwan ragonta. Ragon nan tun cikin 'yarta Mas'uda bai fito ba take ɗura masa dusa da harawa, don shi za a yanka ranar suna. Duk baƙon da ya shigo gidan sai an kai shi ya ga ragon, sannan ya ga komin.

"Ba ya tsatsa, ba ya fashewa," in ji ta. "Jaki ma ya taka shi, jakin ne ya ji jiki."

Mas'uda ta haihu lafiya. Ana shirin suna sai rago ya daina cin abinci, ya koma tauna haƙora yana dogara goshi da bango. Gwaggo ta ce baki ne, mutane sun cika yabonsa. Ta yi masa turaren hayaƙi har kajin gidan suka gudu waje.

Babbar 'yarta Murja, ma'aikaciyar kiwon lafiyar dabbobi, ta zo da rana daga Dutsin-Ma. Ta duba ragon, ta tsuguna gaban komin, ta lakato wata laka toka-toka daga kusurwa.

"Inna, ba baki ba ne. Dalma ya sha."

"Dalma kuma? Da toka da soso na wanke shi, da hannuna!"

"Ba ta fita da soso, Inna. Kuma a hanta da ƙoda take taruwa."

Gwaggo ta waiwaya ta dubi ɗakin Mas'uda. Kayan cikin ragon suna ai da su ake yi wa mai jego ƙauri, mai jego kuwa jaririya ce a ƙirjinta.

Ana cikin haka Alhaji Badaruddeen ya yi sallama, ya zo barka da buhun shinkafa a bayan mota. Shi da Murja taubasai ne, ba sa haɗuwa a rabu lafiya.

"A'a, likitar akuyoyi! Yau wa aka yi wa allura?"

"Kyautarka muke jinya, Alhaji. Zo ka gaisa da ita."

Ya leƙa garke, ya ga ragon yana tangaɗi. Ya ce ai gidaje da yawa ya ba, ba wanda ya kawo ƙara.

"Kaji ba su iya zuwa shago ba ne," in ji Murja. "Su wa ka ba?"

Ya fara ambato yana sosa ƙeya. Akwai dangi na garin Karofi, akwai na Makera, akwai surukarsa da ke jiƙa wake a ciki.

"To sai ka bi ka karɓo."

"Haba Murja! Ni in ba da kyauta in koma in karɓe? Gidan surukai? Da wane ido?"

"Da wanda ka kai ta."

Ya juya wajen Gwaggo neman ceto. "Gwaggo, in aka karanta aka yanka ai shi ke nan, wuta za ta cinye komai."

Gwaggo Tani ta daɗe tana kallon ragon, ta shafa masa wuya. Daga cikin ɗaki jaririya ta yi 'yar ƙara.

"Ba za a yanka ba," ta ce. "Gara a ce Tani ta yi suna da ƙaramin rago." Ta kifar da ruwan, ta ja komin har gaban ɗan wanta. "Fara da nawa, ɗan nan. In gwaggonka ta mayar, surukarka ba za ta ji haushi ba. Kuma ka kira masu motar nan, ko a Legas suke."

Ranar suna wani ɗan tsamurmurin rago aka yanka daga kasuwar Kurfi. Mata sun yi gulma son ransu, Mas'uda ta ci ƙaurinta.

Kai kuma, tashi yanzu ka duba abin da kajin gidanku ke shan ruwa a ciki. In kwanson batir ne, ɗauke shi ka kai wa wanda ya sayar, kada ka bar shagon sai ya faɗa maka ranar da kamfani zai zo kwashewa.