Reshen Magaryar Kura

A watan Yuli, tsakiyar hunturu a ƙasar Zulu, lambu ba ya buƙatar kowa. Raɓa ta daskare a kan ciyawa, furannin uwargijiyarmu Madam Harding sun koma tsinke, sai a kora mu kurmin bayan gida: sara, jan rassa, tara itace, yatsu kamar na aro.

A kurmin nan matata Zibuyile ta faɗi bara, da ɗaurin itace a ka, ba ta ƙara tashi ba. Gawa an kai ƙauye. Kurwar ce ba a zo ɗauka ba, kowa da uzurinsa. Littattafan da na karanta sun ce camfi ne. Littattafan ba su taɓa aiki a kurmin ba, ba su san yadda mutum ke ɗaukar zarto ya ajiye, ya waiwaya ya ga ba kowa, ya sake waiwayawa ba.

Da safen nan ƙaninta Fanyana, abokin aikina, ya jingine gatari.

“Mijin yaya, gobe za a cinna wa gefen nan wuta. Haka za ka bar yayata ta gasu?”

“Ai gara ta ɗan ji ɗumi. Ta sha sanyi.”

“Bakinka ya fi addarka kaifi, shi ya sa ba ka gama aiki.”

Ya kutsa cikin ƙaya, ya yanko reshen magaryar kura, wanda ake ɗauko kurwa da shi, ya miƙo mini. “Ka dai san ƙa'ida. Daga nan har ƙauye, ita kaɗai za ka yi wa magana. Ka tanka wa mai rai, ta zame ta dawo nan. Gobe kuwa toka.”

Na durƙusa inda ta faɗi, ƙasa kamar ƙarfe. Na ja reshen a kai. “Zibuyile, ni ne. Tashi mu tafi.”

Na kama hanya ban waiwaya ba, ina gaya mata kowace kwana. Ga rafi. Ga gungumen da ya sha yi miki tuntuɓe.

A bakin ƙofar fita muka yi kiciɓis da Madam.

“Zondi! Ina za ka? Itacen murhuna fa?”

Fanyana ya taho da gudu. “Madam, haƙori ke damunsa.”

“Da kai nake, Zondi. Ka fita ƙofar nan ba amsa, kada ka dawo.”

Harshena ya yi ƙaiƙayi. Amsoshi na shekara da shekaru sun yi layi a maƙogwarona. Na dubi reshen.

“Zibuyile, mun iso ƙofa. Ga Madam ta tare hanya. Ita ce ta aiko miki da furanni ranar jana'iza, cikin waɗanda ni na shuka. Kada ki tsaya gaisuwa, ba ta san sunanki ba.”

Madam tana jin Zulu sarai, a goyon matanmu ta girma. Ta dubi reshen, fuskarta ta sake launi. Ta matsa gefe, amma wata ƙayar reshen mai lanƙwasa ta riga ta kama hannun rigar sanyinta. Muka tsaya, tana ja, ƙaya na ja.

“Sake ta, Zibuyile,” na ce. “Ba ita muka zo ɗauka ba.”

Zaren ya tsinke. Na fita.

Fanyana yana ihu a baya: “Aikin fa, mijin yaya?”

Wuyana bai ko motsa ba. “A hankali, Zibuyile,” na ce. “Gangaren da santsi.”