Wanda Aka Roƙa

Tun da mutuwar ɓarin jiki ta kwantar da Baba, ni ce mai juya shi, mai wanke shi, mai ba shi abinci a cokali. Bayana ya daina miƙewa. Amma in ya buɗe baki, ba ni yake kira ba, Shawulu yake kira.

Shawulu yayana ne, makanike, kuma ya tsani sunan nan kamar ciwon haƙori. A gareji Oga ake ce masa. Tun muna yara ake tsokanarsa da sarkin nan na Littafi Mai Tsarki da Allah ya ƙi, wanda kishi ya haukata har ya faɗa kan takobinsa. Yaya ya ƙudurta a ransa cewa uban da ya zaɓa wa ɗansa irin wannan suna bai taɓa sonsa ba. Baba kuwa ba mai bayani ba ne, mai faɗa ne. Haka suka tsufa suna hararar juna.

Goggo, yayar Baba, ta zo dubiya ta tarar ina matse zani. Na yi mata ƙorafin Yaya da ƙin sunansa, ta ce ashe ba mu san asalin sunan ba. Iyayenmu sun daɗe ba haihuwa, har gwiwar Baba ta yi kanta wajen addu'a. Da yaron ya zo, sai Baba ya je wurin malamin coci ya nemi sunan da ke nufin abin da aka roƙa. Malamin ya ce akwai ɗaya a Ibrananci, Shawulu, wato wanda aka roƙa, sarkin Isra'ila na farko, wanda jama'a suka nace sai an ba su. Sai dai ƙarshensa bai yi kyau ba. Baba ya ce shi farkon ya zo nema.

Washegari na je gareji. Na same shi kwance ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai nake gani, su na ba labarin. Ƙarar sifana ta tsaya.

"Goggo ce ta faɗa?"

"Ita ce. Yaya, na gaji. Ka zo ko yini ɗaya ne."

Da yamma ya zo, hannunsa duk baƙin mai. Baba ya kira sunan da karkataccen bakinsa, Yaya ya durƙusa ya ce na'am, abin da ban taɓa jin ya yi ba. Tsohon da bai yi mini murmushi ba tun da ya kwanta, sai ga shi yana dariya yana hawaye.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na kuma ji haushi har wuya. Ni babu wanda ya roƙe ni, zuwa kawai na yi. Na ɗauki bahon wanki na fita, don zanin gadon ya sake jiƙewa.