Sandar da Duane Ya Bari Ta Yi Tsatsa

Marlys ba ta ga maciji da Duane, ƙanin marigayi mijinta. Ranar da ya dawo mata da injin yankan ciyawar da ya ara, sai ta tarar sandar da ke haɗa shi da tarakta ta kafe da tsatsa.

"Haka na same ta," in ji Duane. "Yayana bai san giris ba."

"Bar mamaci ya huta. Kai ka yasar da ita a ruwan sama."

Ta tsiyaya mata mai, ta kara katako, ta yi ta bugu da guduma har sandar ta saku. Ta goge ta, ta shafe da giris. Duane ya miƙo hannu zai taya ta ɗaurawa.

"Cire hannunka," ta ce. "Kuma kada ka sake tako gonata."