Ƙwayar Masara Ɗari Bakwai

Saura kwana uku sadakar arba'in ɗin mijina Mamuda na tara mata a gidanmu na Talata Mafara. Tun yana da rai yake cewa in ya riga ni, a ja masa hailala dubu saba'in. Na yi masa alkawari, ga kwanaki sun ƙure.

Yadda muke yi, duk zagayen tasbaha ɗaya, wato ɗari, sai a ajiye ƙwayar masara. Ɗiyata Sakinatu, mai koyar da lissafi a Bakura, ta ƙirga ƙwaya ɗari bakwai a faifai. Mu goma sha uku ne. Aka yi kashi sha uku, sai ƙwaya sha ɗaya suka rage.

Maƙwabciyata Hindu ta kai hannu. "Ku ba ni ragowar."

"Ke kaɗai ke son lada?" in ji Nagode, ƙanwata. "Ko tuwon buki haka kike mai."

Aka fashe da dariya. Rabona da dariya tun ranar rasuwar. Kowa ta ce sai dai a raba daidai. Aka sake kasawa, ƙwayoyin nan suka sake ragewa.

Sakinatu ta ce, "Inna, ko wuni za ku yi ba ta rabuwa. Dubu saba'in ɗin nan, da ninkin biyu da biyar da bakwai aka gina ta. Ba ta san uku ba, ba ta san sha uku ba."

"To mu kori uku, mu koma goma," in ji Hindu.

"Ke za a fara kora," in ji Nagode.

"Ko a ƙaro ɗaya," Sakinatu ta ce tana kallona. "Sha huɗu, kowa ƙwaya hamsin."

Na gane wadda take nufi. Marka, yayar Mamuda, tana Faru wajen Maradun. Shekara biyu ba mu magana saboda akuyarta da ta mutu a hannuna. Ko ranar gaisuwa daga bakin ƙofa ta juya. Na ce a kira ko wace ce cikin matan unguwa. Sakinatu ta ce, "Duk unguwar nan wa ta goya Baba?"

Da safe na hau babur har Faru. Na tarar da Marka tana sussuka. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ba wadda ta dubi wata. Sannan na kwance bakin zanena na zuba mata ƙwaya hamsin a tafin hannu.

"Yaya, rabonki ne. Lissafin ya ƙi fita sai da ke."

Ta daɗe tana kallonsu. "Hamsin kaɗai? Ni da na goya shi?"

"Sai ki je ki yi rigima da Hindu."

Ta ɗauko mayafinta, babur ɗaya ya kawo mu. Ana gobe sadaka, da la'asar, faifan ya cika. Marka ce ta jefa ƙwayar ƙarshe.