Bakin Malam Yana Motsi

…kuma ga shi nan, bakinsa yana motsi. Yana motsi, Aisa tana gani da idonta, amma sauti babu. Fuskar mijinta Malam Mahamud ta cika gilashin tele, wato talabijin, yana jingine a gadon asibitin Yamai, an aske masa gemun da bai taɓa yarda kowa ya taɓa ba — wa ya ba su izini? — sai hoton ya daskare. Ɗan zoben nan yana juyawa a kan hancinsa. Juyawa, juyawa…

Safiya ce ta turo bidiyon da hantsi, 'yarsu, ita ke jinyarsa can. "Inna, ki kalla da kanki, ni ba zan faɗa miki komai ba." Shi ke nan ta kashe waya, wai dokotoro ya shigo zagayen duba marasa lafiya. Yarinyar nan! Tun ranar da ya yanke jiki ya faɗi a gonarsa ta Droum ko "a" bai ƙara cewa ba, damina ta wuce, an kai gero rumbu, yanzu kuma a ce wa mutum ki kalla da kanki?

To, na kalla. Me na gani?

A waya ba za ta ji bidiyo ba, babbar lasifikar ta mutu tun da ta faɗa bahon wanki, kira kaɗai ake ji a kunne. Sai dai a tura wa tele ta wifi, yadda Safiya ta koya mata kafin su tafi. Tana turawa. Tana sake turawa. Wannan karon sauti yana zuwa — ƙarrr, kamar an ja kujerar ƙarfe — hoto kuma ya farfashe, rabin kunne nan, kafaɗa can. Malam, kai ne ka yi wannan ƙarar, ko rezon intanet ne?

Akwatin. A duba akwatin wifi. Yana kan firigo, ya yi zafi kamar burodin da aka fitar yanzu. Fitila kore, kore, ɗaya ja tana ƙiftawa. Ki cire, ki jira, ki mayar, in ji Safiya. A jira har yaushe? Ba ta faɗa ba. Tana yin salati, tana yi masa fifita da faifai, ita da ta kai shekarun jika tana yi wa akwati fifita… da Malam yana nan da ya yi dariya har ya ƙware. Mutumin da yake musu da rediyo! Mai labarai yana faɗa, shi yana gyara masa faransanci. Ya bar koyarwa a lakwal, bakin bai yi ritaya ba — kaji ma wa'azi yake yi musu…

Ta mayar. Kore. Kore. Ja.

Katanga ce. Katangar gidansu na unguwar Birni, mai kaurin kamu biyu, wadda Malam yake alfahari da ita, kakana ne ya gina da ya zo daga Borno, ko harsashi ba ya ratsa ta. To ga shi rezo ma ba ya ratsawa, Malam, ka ji daɗi? Tana janyo akwatin iya tsawon igiyarsa, tana kifa turmi a bakin ƙofar falo, tana ɗora shi. Daga nan yana kallon tele ido da ido.

Bidiyon ya ɗan tafi. Hannun Safiya yana gyara masa matashi, lafiya lau, leɓe ya buɗe — tsaya! Ya sake tsayawa.

In kuwa babu komai a ciki fa? In leɓen ne kawai yake motsi, yarinyar ta ga haka ta yi murna… To ai shi ma wani abu ne. Wancan watan ko leɓen ba ya yi. A'a, Safiya ba za ta ɗaga mata hankali a kan leɓe ba. Akwai magana. Muryar yarinyar rawa take yi, irin rawar daɗi.

Wa ke shan rezon nan ne? Kaka, yayar Malam, tana ɗakinta, tafsiri yana tashi daga wayarta ita kuwa tana minshari. A hankali Aisa take zare wayar, tana kashewa, Allah ya yafe mini. Saura Yakuba tela na jikin gida — Malam ne ya ba shi kod ɗin shiga wifi, Malam da kyauta! — ga ihun 'yan kallon kokawa yana tsallako katanga.

"Yakuba! Don Allah ka rufe kokawar nan, Malam ne zai yi magana!"

Shiru. Keken ɗinkin ma ya tsaya. Me ta ce? Zai yi magana. Ita ta faɗa, da bakinta, unguwa ta ji…

Kore. Kore. Kore.

Ba ta iya zama a kujera, a ƙasa take durƙushe. Tana dannawa. Ga fankar asibitin tana kaɗawa ba gargada, ga takun wani a baranda, ga Safiya, tas: "Baba, ga Inna, faɗa mata." Sai ƙarrr ɗin nan. Ya dawo! Hannunta har ya kai ga igiyar akwatin — a'a. Dakata. Fankar ba ta tsaya ba. Idonsa yana ƙiftawa. Babu zobe.

Ba rezo ba ne. Maƙogwaronsa ne. Tun ɗazu shi ne…

"Ai… Ai-sa."

Kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Gefen bakin ya karkace, yawu yana gangarowa, Safiya tana gogewa, yana ture hannunta — yana ture hannunta! Taurin kan yana nan.

"Kin… ci… a-bin…"

Abinci? Kai da kake kwance? Ba ta ci ba. Sai yanzu take jin cikinta wayam, dariya da kuka suna rige-rigen fita. Yana nishi, yana tattaro wata kalmar, leɓen yana rawa, ta maƙale, ba ta san ko wace ce ba, ba ta san ko za ta fito ba…

Ba ta taɓa komai. Ɗauki lokacinka, Malam. Tana jira.