Lissafin Hamish a Kan Yashi

Ni dai tun farko ban ɓoye wa Hamish ba, na ce masa aikinsa tatsuniya ce da lambobi. Sashenmu ɗaya a jami'a. Ni ina ɗakin gwaji na ƙasa, ina auna ƙarfin janyowa tsakanin ƙananan abubuwa, shi kuma yana sama da alli a hannu, ya ba da ransa ga ka'idar zare. Wai komai na duniya, ni da kai da kofin shayi, in aka yi ta tsaga shi, ƙarshensa ɗan zare ne mai karkarwa. Wai kuma bayan tsawo da faɗi da tudu akwai wasu kusurwoyi a nannaɗe, don ƙanƙanta ba ma ganinsu.

Kullum sai na tsokane shi. "Malam, ba ni lamba ɗaya tak in je in auna."

Sai ya sosa gemu ya ce, "Narelle, ai lissafin yana da kyau."

"Ni ma ina da kyau. Ka ga an ba ni kujerar farfesa?"

Mu muna dariya, shi kuwa abin ya fi ƙarfin dariya. Kwantiraginsa na ƙarewa a ƙarshen shekara, kuma shugabar sashe, Farfesa Petrakis, ta faɗa masa ƙiri-ƙiri: ko ya kawo abin da za a iya gwadawa, ko ya tattara allinsa.

Ranar da sashe ya fita shan iska bakin teku, kudu da garin Wollongong, Hamish aka ɗora wa gashin nama. Yana cikin juyawa sai ya tsaya cak, baki buɗe. Ya yar da cokalin, ya fizgi wani kara, ya sheƙa a guje zuwa inda yashi ke da danshi, don busasshe ba ya riƙe rubutu. Ya durƙusa ya fara zana lissafi yana ja da baya.

A wurinmu in mutum ya shiga lissafi ba a yi masa magana, ko da wandonsa ke cin wuta. Muka bi shi muka yi cirko-cirko, nama na ƙonewa a baya. Farfesa ta bi layukan da ido, ta cire tabarau ta mayar, ta raɗa mini, "Ke, lamba yaron nan zai fitar."

Sai ga ruwa ya fara tasowa. Igiyar ruwa ta zo ta lashi gefen layin farko, wanda Hamish yake ta ɗaga kai yana dubawa.

Tabɗi! Ka ga daktoci sun haukace. Wani ya jawo akwatin ƙanƙara, wani ya kifa allon hawa igiyar ruwa, biyu suka tsaya gardamar minti nawa ya rage kafin ruwa ya ci wurin, har da nasu lissafin a gefe. Wayoyinmu kuwa na cikin jakunkuna, babu wanda ya tuna ana ɗaukar hoto a duniya. Kaico, ilimi!

"Ku kwanta!" Farfesa ta daka mana tsawa, ita ta fara zubewa da doguwar rigarta. Muka jera a kwance kai da ƙafa, mun zama katanga. Ni da na ce tatsuniya ce, ga ni ruwa na shiga kunnena, ina kare tatsuniya da haƙarƙarina. Dariya ta kama ni har na sha ruwan gishiri.

Na karya doka na ce, "Hamish, don girman Allah yi sauri!"

"Saura kaɗan! Kar ki motsa, ƙafarki na kan layi na uku!"

Ya ja dogon layi ƙarƙashin amsar, ya miƙe, yashi har gira. Ya ce, "Narelle, ga lambarki. In kusurwoyina na nan, ƙarfin janyowa zai ƙaru fiye da yadda aka sani idan abu biyu suka kusanci juna da kaurin farce. Je ki auna!"

Aka ɓarke da ihu. Ni kuwa na rarrafa na duba lambar. Na san wannan tazarar kamar tafin hannuna.

"Hamish," na ce, "na riga na auna nan tun bara. Babu komai. Ko ƙwayar canji babu."

Ya dube ni, ya dubi yashin. Can sai ya daka tsalle.

"An ƙaryata ni! Jama'a, an ƙaryata ni!" Ya rungume Farfesa, ya jiƙa ɗan abin da ya rage mata a bushe. "Tun da na fara aiki ba wanda ya taɓa iya cewa na yi daidai ko na yi kuskure. Yau na yi kuskure, kuskure na gaske!"

Farfesa na matse gashinta tana ƙyaƙyatawa. "Ku zo ofis ranar Litinin, ku biyu. Lissafinsa da awonki, takarda ɗaya za ku rubuta. Kai kuma ka bar allinka inda yake."

Aka ɗauke Hamish sama aka jefa cikin teku, aka koma kan ƙonannen nama da burodi. Sai a lokacin wani ya tuna da waya, bayan ruwa ya cinye rabin lissafin.

Da hayaniya ta lafa na same shi zaune shi kaɗai, tawul a kafaɗa. Na zauna kusa da shi.

"Kin tabbata da awonki?" ya tambaya a hankali.

"Na tabbata."

Ya gyaɗa kai. "Tun ina ɗalibi nake son kusurwoyin nan, Narelle. Na ɗauka suna nan."

Wallahi sai na ji ina ma na'urata ce ta yi ƙarya. Ban faɗa masa ba, don ba ta yi ba.