Ranar da Kwamfuta ta Haɗe Rayayyu da Matattu

Zubaida tana aikin buga takardu a wani ƙaramin shagon kwamfuta kusa da tashar motar Daura. Tun kafin azumi kawunta Malam Lawal yake zarya daga Baure saboda wani ɗan littafi na zuriyar kakansu, wanda yake so a raba wa dangi da sallah. Sharaɗinsa ɗaya ne: sunan wanda ya rasu a yi shi da kauri, na mai rai a bar shi siriri. Bai rubuta wannan a takardunsa ba, da baki ya riƙa gaya mata tana sawa.

Aikin ya kusa ƙarewa sai ya kawo wata addu'a ta Larabci a filashi, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, wadda aka buga masa a Katsina. Tana liƙa ta a shafin farko, komai ya rikice. Layuka suka koma dama, haruffa masu lanƙwasa suka zama ƙananan akwatuna, lambobi suka fito gaban sunaye ba wanda ya sa su. Ba ta lura ba sai da ta adana, kuma kafin ta mayar da aikin yadda yake aka ɗauke wuta.

Da aka tada janareta ta zauna gyara. In ta daidaita wannan shafi, na gabansa ya zame. Har la'asar tana abu ɗaya, wuyanta ya ƙage, idonta na yaji. Daga ƙarshe ta gaji, ta zaɓi rubutun gaba ɗaya, ta goge duk wani tsari da ke kansa, ta mayar da haruffan Hausa. Shafukan suka miƙe tsaf. Ta adana, ta yi ajiyar zuciya.

Malam Lawal ya dawo daga masallaci, ya gyara tabarau, ya leƙa.

"Zubaida, ina mamatan?"

Sai a lokacin ta gani. Kaurin ya tafi tare da sauran. Duk sunayen sun zama iri ɗaya.

"Kawu, ka yi haƙuri. Sai dai mu sake bi daga farko."

Bai yi faɗa ba. Ya jawo benci ya zauna, ya ɗora hularsa a gwiwa.

"To, karanto."

"Hamma Auta."

"Ya rasu."

"Nagoggo."

"Yana nan, yana kiwo wajen Zango."

Haka suka yi ta tafiya, tana kira yana amsawa, janareta na ta ƙara a bayan shagon. Da ta zo kan Mati sai ya ce shi ma ya rasu.

"Wancan karon siriri muka bar shi," in ji ta.

"Na sani. Tare muka yi makarantar allo. Ranar Laraba muka kai shi." Ya goge fuskarsa da gefen riga. "Sa masa kauri."

Ta sa. Muryarsa ta dushe kafin su kai rabi, ga kuma motar Baure ta kusa cika. Ya miƙe da ƙyar, ya ce zai dawo jibi in Allah ya kai mu.

Zubaida ta adana aikin a wuri biyu, ta rufe kwamfutar da zane. Ta daɗe a zaune kafin ta iya tashi neman takalmanta.